Gajiyar Auta ta Kai Mu Sakkwato

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, ni da autana da baffansa. Bara maigidana Malam ya rasu, idona bai bushe ba ga wannan kuma. Auta magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma tun kaka ko guga ya ja sai ya zauna yana haki. Wanzami ya sha yi masa ƙaho, wai mataccen jini ke sa shi kasala.

Akori-kura muka samu zuwa Anka, mu da awaki da buhunan gero. Ana wahalar mai, kuɗin mota ya hau, direban kuwa ba ramin da bai tsaya ya gaisar ba. A tasha na sayi ƙosai mai zafi. Auta ya gutsiri ɗaya, ya riƙe sauran har Talata Mafara.

"Inna, taunar ma aiki ce," ya ce.

"Kai da ke share akushi biyu ka nemi ƙanzo?" in ji baffansa.

Suka yi dariya. Ni na juya fuska na goge hawaye da gefen mayafi.

A babban asibitin Sakkwato an ɗebi jininsa, har cikin ƙashin ƙugu aka sa allura. Likitar ta ga tabon ƙaho a bayansa, ta dube ni ta ce, "Baba, jinin nan da ake zubarwa shi jikinsa ke nema." Ta ce sankarar jini ce. Ƙarancin jini ke kawo gajiyar, rashin ci da rashin barci da damuwa suna ƙara ta. Baffansa ya ba da jini aka ƙara masa. Washegari Auta ya yi sallah a tsaye. Ya tambayi likita ko zai yi noma bana. Ta ce a'a, kuma ƙarfin nan zai ragu, sai mun riƙa dawowa.

Mun iske an yi ruwan shuka a gida. Baffansa na sara da sungumi, ni ina bi da iri, Auta na zaune gindin gawo yana cewa, "Inna, kin tsallake rami."

Abin da na koyo ke nan: akwai gajiyar da kwanciya ba ta kashewa. In mutum ya ce ya gaji, ku yarda da shi, ku kai shi a duba jininsa. Allah ya bar mini shi.