Itacen Adon da Ya Tsaga Ɗakin Hajiya Kulu

Kakata Inna Yalwa ba ta ba da tatsuniya kyauta. A gidanta na Bungudu aka kai ni riƙo ina ƙarama, ni da Sa'a 'yar kawuna. Da an idar da sallar magariba za ta jawo kujerarta bakin murhu, ta sauke tukunyar tuwo, ta iza wuta kaɗan don mu ga hannuwanmu, sannan ta dire mana ƙwaryar gyaɗa. Muna ɓara tana labari. In muka tsaya, ita ma sai ta ja bakinta ta yi shiru, ta tsura wa wuta ido kamar ba da ita ake ba.

Kuma Allah Ya jiƙan Inna, ban taɓa ganin mai ba da labari da ya kai ta ban haushi ba. Daidai inda rai ya tsaya ana jiran a ji abin da zai faru, nan za ta tuna akuya ba ta sha dusa ba. Ko ta tambayi wanda ya bar ludayi a ƙasa. Sai an yi ta roƙo kafin ta koma, wani lokacin ma ta koma inda ba nan ta tsaya ba.

Sashenta ɗan ƙarami ne, don 'ya'yanta maza sun yi ta yankar gidan kowa na kafa ɗakinsa. Abin da ya rage mata na tsakar gida bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Amma a ciki akwai lalle jikin zana, akwai rumman bayan randa, ga kuma wata kariya mai kumburarren gindi da ke fitar da jan fure da rani bayan ta zubar da ganye, wadda aka hana mu taɓa ƙaronta. Wata rana kawuna ya kawo mata dashen mangwaro a gwangwani, ya ce ta samu inuwa. Ta duba shi, ta duba gwangwanin, ta ce ya kai gona. Ya tafi yana gunaguni. A yammacin ranar ne ta ba mu tatsuniyar Ladi mai faifai.

"To, ga ta ta iso," in ji Inna. "Wa ka ba ta wurin zama?"

Muka ce, "Ta zauna nan kusa da mu."

Ladi mace ce mai saƙar faifai, gidanta ƙanƙane, in ta shanya zane biyu sai kaza ta rasa hanyar wucewa. Tana son ado ƙwarai. Ta ga gidan ba kore ko ɗaya, sai ta ce za ta je fadama ta ɗauko ɗan itace ya zauna da ita. A wancan zamanin itatuwa na magana. A hanya ta haɗu da wata tsohuwa mai tsintar kirare, ta taimaka mata ta aza kaya. Tsohuwar ta ce mata, "Duk iccen da kig gani ya yi miki, ki ce ya gwada miki uwatai kafin ki ɗauka."

Ladi ta isa fadama ta tarar da 'yan itatuwa jere, duk tsawonsu ɗaya, iya gwiwa. Ta tambayi lalle, ya ce ga uwata can, da kaɗan ta fi namiji tsawo. Ta tambayi rumman, shi ma ya nuna tasa. Amma ba su yi mata ba, ganyensu ƙanana, ba wani ƙyalli. Can sai ta hango wani mai faffaɗan ganye, tohonsa ja, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Ta ce, ina uwarka?

Nan Inna ta maƙale murya ta yi irin ta ɗan itacen: "Haba baba, uwata na nesa, ƙahwarki ciwo za ta yi. Kamar ni take, ba ta hi ni da komi ba."

Ladi ta tumɓuke shi ta kai gida. Ashe gamji ne. Shekarar fari mata na zuwa kallo. Ta biyu ya yi mata inuwa tana saƙa a ƙarƙashi. Ta uku saiwa ta ɗaga randa ta fasa. Ta huɗu rumbu ya karkace, gero ya zube. Ta biyar ɗakinta ya rabe biyu. Ta fito ta ce masa don Allah ya matsa. Ya ce ai shi ba shi da ƙafa, ita ke da ita. Ladi ta ɗaure kayanta ta koma gidan ƙanenta. Gamji na nan har yau, matafiya na hutawa gindinsa, ba wanda ya san gidan wata ne a da.

"Ta ƙare," in ji Inna. "Kowa shi kwashe ɓawonai."

Sa'a ta ce, "Shi ke nan? Ba dodo, ba waƙa?"

Ni kuwa raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Inna, me ya hana ta ɗauko gatari tun ranar da randa ta fashe?"

Ta ce, "Ke kina iya sare abin da kika ba ruwa da hannunki kullum sahe?"

Na ce, "Wallahi sarewa zan yi. Ladin nan wawuya ce."

"Awo," in ji Inna, ta tashi duba akuya.

Na yi kwanaki ina jin haushin wannan tatsuniya. Na ɓare gyaɗa rabin ƙwarya a kan matar da ba ta da wayo, kuma a ƙarshe mugun ne ya ci gida. Daga baya na manta da ita, ko kuwa na ɗauka na manta.

Na girma, na yi karatu, na zama malamar firamare a Gusau. Ni da maigidana Malam Bello muka gina gida a rabin fili, a irin sababbin unguwannin nan da gidaje ke manne da juna. Shi a Tsafe yake aiki, sai Juma'a yake dawowa. Tsakar gidan duk siminti ne. Ka cire wurin tankin ruwa, da madafa, da igiyar shanya, abin da ya rage ko ɗan akuya aka ɗaure zai yi ƙorafi. Da bazara simintin nan yakan ɗauki zafi har sai yara sun sa takalmi kafin su je bayi. Na ƙudura sai na sa wani abu kore.

Wata rana na taso daga makaranta na sauka wurin masu sayar da dashe a bakin titi. Na gaya wa mai wurin gaskiya, na ce gidana ƙarami ne, ƙaramin itace nake so na ado. Mutumin nan, in ba shi haƙƙinsa, lalle ya fara nuna mini. Na yatsina fuska, na ce wannan ai na ƙauye ne. Ni irin wanda nake gani a ƙofar ofisoshi nake so, mai duhun ganye, an yi masa aski ya yi ƙwallo-ƙwallo. Ya ɗauko mini shi a baƙar leda, ganyensa sai sheƙi yake.

Na ce, "Yana girma?"

Ya ce, "Wannan? Hajiya, ko jikokinki suka zo ba zai wuce kafaɗarki ba."

Ban tambaye shi inda zan ga babbansa ba. Ko a raina abin bai zo ba. Na sa aka fasa siminti a jikin katanga, don kada ya tare hanya, na dasa shi. Ruwan alwala nasa ne, ruwan ɗauraye kwanuka nasa ne. Ya karɓi wurin hannu biyu. Ƙawayena malamai suka riƙa zuwa suna ɗaukar hoto a gindinsa. Da ya wuce katanga na ce ai alheri ne, ga inuwa.

Malam Bello ne ya fara gani. Wata Asabar ya taka simintin da ya kumbura ya ce, "Maman Hafsat, itacen nan naki fa yana aiki ta ƙasa."

Na ce simintin ne ba a kwaɓa da kyau ba tun farko. Ya ce a sare. Na ce ai shi ba ya wuni a gidan, bai san zafin da muke sha ba. Muka yi ta wannan gardama kusan duk mako har shekara ta zagayo. Na sa aka rage rassa. Ya sake tohowa fiye da da, kamar dariya yake yi mini.

Bayan katangar nan ɗakin Hajiya Kulu ne, maƙwabciyarmu, dattijuwa mai ciwon gwiwa da ke zaune da surukarta. Ita ta yi mini wankan jego na Hafsat. Farkon damina, bayan ruwa na biyu, sai ga ta ta shigo da sandarta, abin da ba ta cika yi ba. Muka gaisa, ta ƙi zama.

Ta ce, "'Yar nan, ba faɗa ya kawo ni ba. Zo ki gani."

Na bi ta har ɗakinta. Ta sa surukarta ta janye kabad ɗin kwanuka. Bangon ya tsage tun daga ƙasa har kusa da rufi, yatsuna uku suna shiga. An cusa tsumma a ciki, tsumman ya jiƙe sharkaf. A kusurwa kuma ga saiwa ta ɓullo ta daɓe, kaurinta kamar hannun muciya. Gadonta na ƙarfe yana nan daidai ƙarƙashin tsagar.

Na ce, "Hajiya, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun bara. Na ga kina son abinki."

Kunya ta rufe ni, haushi kuma ya biyo baya. Shekara guda tsohuwa na kwana ƙarƙashin bangon da ke shirin faɗo mata, ta rufe da kabad don kada ta ɓata mini rai! Na ce haba Hajiya, me ya sa ba ki faɗa ba? Ta ce to ai ga shi ta faɗa.

Malam Bello ya baro Tsafe tsakiyar mako, ya zo da magini. Maginin ya tsinki ganye ɗaya, farin ƙaro ya fito, ya ce, "Wa ya dasa wannan a jikin gini? Ai dangin cediya ne. Na ofis da kike gani a cikin tukunya suke, kuma akwai mai yi masu aski duk wata." Ya ce in ruwan Agusta ya samu bangon nan haka, ba ya kai kaka. Har a nan, ina tsaye a gaban tsagar, sai na ji bakina ya ce ko za a iya datse saiwar gefen Hajiya kawai a bar itacen. Malam Bello ya dube ni. Ni ce fa wadda ta rantse wa Inna cewa sarewa za ta yi.

Kwana biyu aka yi ana saransa, reshe-reshe, da igiya, don kada ya faɗa kan kwanon gida biyu. Aka tone gindin, aka rushe bangon aka tayar da sabo. Hajiya Kulu ta yi mako biyu a ɗakina, ni ina falo da yara. Ba ta taɓa ɗaga zancen ba, abin da ya fi komai damuna ke nan.

Na koma wurin mai dashen da niyyar in wanke shi tas. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ai Hajiya ba ki ce a ƙasa za ki sa shi ba." Na juya na tafi, don in na tsaya zan faɗi abin da bai dace da malama ba.

Da na tashi sake dashe, sai na bi gidajen tsofaffin unguwanni ina sallama, ina cewa a nuna mini itacen da ya daɗe a tsakar gida. Wasu suka ɗauka magani nake nema. Na dubi tsawo, na dubi faɗin rassa, na duba ko ƙasa ta kumbura a gindi, na tambayi masu shara yawan ganyen da yake zubarwa. A ƙarshe na tsaya kan rumman guda a ƙasa, da lemun tsami a rabin duro.

Har yau in na tuna Inna Yalwa da "awo" ɗinta, haushi ne ke fara zuwa kafin kewa. Ta san halin mutum da abin da ya raina da hannunsa. Amma akwai abin da babu a tatsuniyarta. Ladi ba ta da maƙwabci, gidanta kaɗai ta rasa. Mu a birni bango ɗaya ke raba gado da gado, abin da ka dasa a tsakar gidanka rabinsa a ɗakin wani yake girma, kuma mai ɗakin zai iya yin shiru don kara har ginin ya danne shi.

Ranar da zan dasa rumman ɗin na aika aka kira Hajiya Kulu ta gani da idonta. An riga an haƙa rami, taku uku daga katanga. Ta zo ta auna da sandarta, ta ɗaga kai ta dubi sabon bangonta, ta sake aunawa.

Ta ce, "Matsa da shi."

Na ce, "Hajiya, rumman ne fa. In na ƙara matsawa sai tsakiyar hanyar madafa."

Ta ce, "To sai ki riƙa zagayawa."

Nan yake yanzu, a tsakiyar hanya. Kullum na ɗauko tukunya sai na zagaye shi, kuma kullum sai ƙayarsa ta kama mini zane.