Shekarar da Na Yi wa Baba Audu Jagora

Akwai ƙaryar da na yi ina ɗan shekara goma sha ɗaya, wadda har yau da furfurata nake cewa da ma ban yi ba. Wata safiyar Talata ce cikin daminar 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Ina riƙe da kan sandar Baba Audu, shi yana riƙe da gindinta, damin igiya a kafaɗarsa, mun fito daga Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa, za mu zangon shanu. Daidai unguwar Mokola sai ga motocin soja biyu rufe da tamfol, suka wuce har ƙasa tana rawa. Ya tsaya cak ya ce, "Sale, me ka gani?" Abin da na gani bai taka kara ya karya ba. Motocin sun wuce abinsu, Bayerabiya mai tuyar ayabar da suke kira dodo ko ɗaga kai ba ta yi ba. Amma na baro abokaina suna ɗaura ƙwallon tsumma a bayan masallaci. Sai na ce, "Baba, sojoji ne suka tare hanya, suna tsayar da mutane." Muka juya gida.

Baba Audu makaho ne, amma bai taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Igiyar rama yake tufkawa a zauren mahaifina, inda ya fi shekara ashirin yana zaune, mahauta da dillalan shanu kuma ba su da igiyar da ta wuce tasa. Ni aka ɗora wa hidimarsa. In ɗebo masa ruwan alwala, in jiƙa ramar, in faɗa masa inda nama yake a cikin akushi, in kai shi zango in dawo da shi. Ranar da na fara, mahaifina ya ce da ni, "Jagora ba ƙafa ba ne, ido ne. Abin da ka faɗa masa, shi ne duniyarsa." Na ji da kunne, ban ji da zuciya ba.

Washegari na ƙara ƙaryar, don na ga ta ci. Na ce sojojin sun ƙaru. Rana ta uku na ce suna tambayar mutum garinsu, in ya ce Arewa sai a jefa shi mota. Lokacin kuwa Sabo cike take da tsoro. Manya sukan kewaye rediyo ɗaya, kowa ya tashi da nasa labarin. Wasu gidajen an garƙame su, masu su sun kwashe iyali sun tafi, awaki na kwana a ƙofar. Mata sun daina aiken yara nesa. Da Baba Audu ya tambayi mutanen zaure ko gaskiya ne an rufe Mokola, ba wanda ya ce a'a. Wani dillali ya ce, "Malam, a wannan zamani me ba zai faru ba?" Ina gefe ina ji, na sunkuyar da kai.

Mako uku bai fita ba. Ni kuwa na ƙoshi da ƙwallo da langa. Igiya ta taru a kusurwa har ya daina tufka. Sai ya zauna kawai, kansa a karkace wajen ƙofa, ko kurar ruwa ta gifta sai ya zabura. Abinci ma ya rage ci. Rannan ya ce da mahaifina zai koma ƙauyensu a ƙasar Katsina, wai in gudu ya tashi, mai ido zai tsira, shi kuwa nauyi zai zame mana. Mahaifina ya yi ta rarrashi, ya ce ba shi da kowa a can sai kaburbura. Ya ƙi.

Ni na ja shi har gindin motar goro da za ta Arewa. Gajimare ya haɗo, yaran mota suna ta sauri su ɗaure huhunan kafin ruwa ya sauko. Kalma uku kawai ake nema a bakina, Baba ƙarya nake, amma tsoron bulala ya ɗaure mini harshe. Aka ɗaga shi aka zaunar a kan kaya. Ya lalubo kaina ya dafa, ya ce, "Ba don idonka ba, ɗana, da tuni sun ɗauke ni. Allah ya yi maka albarka." Motar ta kama hanyar Ojoo, ta miƙa Arewa. Daga ranar ba mu sake jin labarinsa ba, ko ya isa ko bai isa ba.

Yanzu Sabo ta canza. Makafinmu suna hawa keken haya mai ƙafa uku su je inda suke so, wasu har da waya a aljihu, in ka yi musu ƙarya a take za su kira wani su tambaya. Na yi shekara da shekaru ina yi wa makafi da guragun unguwar nan hidima, ana yaba mini, ba wanda ya san dalili. Albarkar nan da Baba Audu ya sa mini ita ce ta fi komai yi mini nauyi.

Ina roƙon duk wanda aka ba amanar mai rauni, kada ya yi irin tawa. Wanda ya yarda da kai domin ba shi da yadda zai yi, shi ya fi cancanta da gaskiyarka.