Kabarin da Ke Duban Kogi

Har yau, in ruwan sama ya ɗauke a unguwarmu ta Nima, cikin birnin Ankara, babbar kwata ta cika tana ruri, kakana ne ke faɗo mini a rai. Turawan Faransa sun ɗebe shi soja tun yana saurayi, shi da ƙaninsa, suka kai su yaƙi can ƙasarsu. Shi ya dawo, ya gangaro nan Ankara neman abinci. Ƙanin bai dawo ba.

Da ƙasar tsakar gida ta jiƙe, sai ya kira ni, "Amarya, zo ki ga gari." Garin da aka ajiye su a Faransa yake zana mini. Ya ja layi da sandarsa, wannan kogi ne. Ga gada ta dutse, guda ɗaya tak. Ga coci a kan tudu, ga gonakin inabi a bayanta. Mutanen garin duka, in ji shi, ba su kai masu sallar Juma'a a masallacinmu ba, kuma yawancinsu tsofaffin mata ne, yaƙi ya kwashe mazan. Ni kuwa hankalina na kan wake da shinkafar da ake kwashewa a ƙofar gida. Nakan ce masa tsoho ya faye surutu.

A can sanyi ya kama ƙanin a ƙirji, ya kashe shi. Wata tsohuwa ta ba da farin zanin gadonta aka yi likkafani. Kaka ya haƙa kabarin da hannunsa, hagu da gada, gindin wata bishiya. Amma an yi kwanaki gajimare ya rufe rana, bai san gabas ba, ba kuma wanda zai tambaya. Sai ya juya fuskar mamacin wajen kogi.

Abin da ya hana shi sakat ke nan har tsufa. Wata rana ya riƙe hannuna, ba wasa a muryarsa. "Ki tambayi malaminku na boko, kogin nan alƙibla yake?"

Na tambaya. Malam ya ce, wane gari? Kaka bai sani ba. A bayan mota aka kai su, a bayan mota aka kwashe su. Ranar na ga hawayensa, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Yanzu ɗana na nuna mini Faransa a waya, garuruwa birjik a bakin kogi, kowanne da gadarsa da cocinsa. An shafe tsakar gidanmu da siminti, tsofaffin duk sun tafi. Ni kaɗai na rage da na san hanyar kabarin nan daga gada, sai dai ban san wace gada ba ce.