Zamzam ɗin Inna

Shekarar da taki ya gagari kowa a garinmu, har gero ya fito kamar gashin jariri, ita ce shekarar da allon aji ya fara ɓace mini. Ina koyarwa a firamare kusa da Minjibir. Sai in rubuta abu da hannuna, in ja da baya, in kasa karantawa. Tabarau uku na canja, duk a banza. Idan aikin nan ya tafi, ni da mahaifiyata, Inna, ba mu da abin sawa a baki.

A asibitin ido a Kano likita ta ce ƙwayar idona ce ta tsiro gaba, tabarau ba zai yi ba, sai ɗan gilashin da ake ɗorawa a kan idon kansa. Ta gwada mini kala huɗu, hawaye na zuba, ina zaginta a zuci. Da ta sa na huɗun sai na hango zanen tayil a ƙarshen ɗaki.

"Malama, ban da kwalli, ban da hayaƙi," in ji ta. "Kuma ruwan wannan kwalbar kaɗai za ki jiƙa shi a ciki. Ko ɗigon ruwan rijiya kada ya taɓa shi."

Na ce to. Ita ba ta taɓa hura murhu da ɗanyen kara ba.

Inna ta tsani abin. Kullum na buɗe ido da yatsa sai ta juya baya tana salati. Amma tana ganin na koma aji, ta daina magana.

Tana da wata 'yar kwalbar zamzam da maƙwabciya ta kawo mata shekaru da yawa baya. Ta ajiye ne don a yayyafa wa likkafaninta. Idan ya ja baya sai ta ƙara masa ruwan randa, wai albarkar ba ta ƙarewa.

Wata safiya na sa gilashin na ji ɗan zafi, na share na tafi aiki. Kwana uku idon hagu ya kumbura ya rufe. Likita ta yi ta faɗa: me na zuba a mazubin da nake jiƙa gilashin? Na rantse ban zuba komai ba.

Da na dawo gida Inna ta kama hannuna, fuskarta cike da murna.

"Kada ki damu, ciwon ne ke fita. Na zubar da ruwan Turawan nan na sa miki zamzam ɗina, duka. Ni ko babu za a binne ni."

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki, sai na ga kwalbar zamzam ɗin a hannunta, babu ko ɗigo.

"Na gode, Inna," na ce.

Idon hagu bai dawo ba. Da na dama na ci gaba da koyarwa, ina karkata kai wajen allo. Har ta rasu tana gaya wa mata cewa ba don zamzam ɗinta ba, da duka biyun sun tafi, ni kuma ina zaune a gefe ina gyaɗa kai.