Baba Kumfa, Mai Auna Magana da Numfashi

Ƙarfe bakwai da rabi yake isa wajen aiki, kafin mai shara ta gama da ofis. Ya jingine kekensa a bayan janareta, ya shiga ɗan ɗakinsa da ke manne da na injin buga littattafai. Teburinsa yana fuskantar taga. A kai akwai alƙaluma uku cikin tsohon gwangwanin madara, da gilashin ƙara girman rubutu, da wani ƙyallen goge hannu da tawada ta riga ta cinye launinsa. Sai ya jawo shafukan da mai zane ya ajiye masa tun jiya. Zane ya kammala, amma kowa a ciki bebe ne. Baki a buɗe, a saman kai ga wani farin fili kewayayye, babu ko harafi ɗaya. Wannan farin fili su a wajen aikinsu kumfa suke kiransa, aikin dattijon nan kuwa shi ne ya zuba magana a ciki. Shekara ashirin da shida yana yi, shi ya sa har manaja ba ya kiransa da wani suna sai Baba Kumfa.

Kamfaninsu ya sayi lasisin mayar da wani katun na talabijin zuwa littafin zane. Masu yara sun san shi, labarin hawainiyar nan direbar bas da kwandastanta, wani kwaɗo mai shegen surutu. Masu katun su aiko da labarin cikin harshensu, wani ya fassara, mai zane ya zana, a ƙarshe ya zo teburin Baba Kumfa. Sunan masu katun ne a bango. Na mai zane yana ciki da ƙananan baƙaƙe. Nasa kuwa, ku duba daga bango zuwa bango, ba za ku gan shi ba.

Yana da wata hanya ta aiki. Ba ya rubuta magana sai ya faɗe ta da bakinsa tukuna, da numfashi ɗaya. In numfashin ya ƙare magana ba ta ƙare ba, sai ya rage ta ko ya raba ta kumfa biyu. Mai kula da injin ya ce mini a watansa na farko ya ɗauka tsohon ya taɓu, don ta jikin bango yakan ji shi yana muryar kwaɗo, can kuma ya koma ta hawainiya, yana ba kansa amsa.

Ni kafinta ne, kuma da ba don autata ba, da har in mutu ban san akwai irin wannan aiki ba. Auta shekararta goma sha ɗaya, tana da i'ina tun tana ƙarama. Bara aka tashe ta ta yi karatu a gaban aji, ta maƙale a kan kalma ɗaya, sai ajin gaba ɗaya ya ƙarasa mata da murya ɗaya ana dariya. Daga ranar ta kulle bakinta. A gida sai ta gyaɗa kai ko ta nuna da hannu. Ta rubuta wa uwarta cewa ba za ta koma makaranta ba, ga shi a ƙarshen zango kowane ɗalibi sai ya yi karatu a fili kafin ya wuce aji na gaba. Na shiga uku. Ina feƙe katako ina tunanin yadda za ta yi a gaban likita, ko a wajen neman aiki, ranar da ba na nan in yi magana a madadinta. Uwarta ta ce in ci gaba da haka, ni zan riga yarinyar kwanciya ciwo.

Wata rana da hantsi na zagaya bayan shago ɗauko ƙusoshi, sai na ji muryarta. Tana zaune kan tulin katako da littafin hawainiya, tana karantawa da ƙarfi, tana muryar kwaɗo, babu tuntuɓe ko sau ɗaya. Na tsaya da zarto a hannu kamar an dasa ni, har ta kai ƙarshen shafi.

Tun daga nan ba na bari fitowa ɗaya ta wuce ta. Yayanta ya sa ni a wani dandalin masoya littafin a waya don in riƙa sanin ranar fitowar sabo. A nan na ga abin mamaki: manya masu gemu suna kumfar baki a kan zane. Wannan ya ce koren hawainiya ya yi duhu, ba haka yake a talabijin ba. Wancan ya ce an kumbura idon kwaɗo kamar zuma ta harbe shi. Wani ya ce littafin ya fi katun ɗin daɗi, wani ya ce ƙarya ne, cin albarkacin suna kawai ake yi. Akwai wanda in an taɓa mai zane sai ya ce hawainiyar mutum ta kiyayi ramarsa. Duk rigimar a kan zane take da launi. Maganar da ke cikin kumfa, ba mai waiwayarta.

Sai fitowa ta hamsin da biyu ta zo, da sabuwar takarda mai sheƙi. Dandali ya ɗauki yabo, ana cewa ba a taɓa yin mai kyan wannan ba. Auta ta karanta shafi biyu ta rufe. Ta zare fensir daga bayan kunnena, ta ɗauki wani guntun katako ta rubuta: “Ba shi ya rubuta wannan ba. Bakina ya ƙi.” Na tambaye ta wane ne shi, ta ɗaga kafaɗa. Ita ma ba ta sani ba.

Na kai maganar dandali. Wani ya ce fassara ai fassara ce, wa yake lura da wanda ya kwafa. Wani ya ce, kafinta, tsaya ga katakonka. Wata mai shagon littattafai ce kaɗai ta bi ni ta gefe, ta kwatanta mini kamfanin, ta ce in na je in tambayi Baba Kumfa.

Na ɗauki Auta muka je, muka same shi da baƙin tabarau, kwanansa uku da dawowa aiki bayan an cire masa yanar ido. Ashe lokacin da ake haɗa ta hamsin da biyu yana kwance a asibiti, sai aka juye fassarar a cikin kumfa yadda ta zo, dogayen jimloli kamar takardar kotu. Na miƙa masa guntun katakon. Ya daɗe yana dubansa da gilashinsa, sannan ya juyo wajen Auta ya tambaye ta, ’yata, a wane shafi bakin ya ƙi. Ta buɗe baki ta maƙale. Ni kuwa, kamar yadda na saba shekara da shekaru, na yunƙura zan ƙarasa mata. Bai ko dube ni ba, ya ɗaga mini hannu.

“Bar ta, maigida. Kumfarta ce, ba taka ba.”

Injin yana ta ƙara a ɗaki na gaba. Ya jira kamar ba shi da wani aiki a duniya, har ta fito da shi: shafi na huɗu. Ya buɗe, ya gwada karanta maganar kwaɗo da numfashi ɗaya, ya sarƙe a tsakiya, ya kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariya, wadda rabon da in ji ta an yi wata biyar.

“Kin yi gaskiya,” ya ce mata. “Ba bakinki ne ya lalace ba, maganar ce ta fi numfashi tsawo. Duk wadda ta yi miki haka, ki raba ta.”

Ya ba ta shafuka shida masu kumfa babu rubutu, ya ce ta cike masa, amma da sharaɗi: sai ta faɗa kafin ta rubuta. Duk Asabar muna kai masa, yana dubawa kamar aikin ma'aikaci, wani wurin ya yaba, wani wurin ya ce kwaɗo ba zai taɓa magana da ladabi haka ba. Na lura kafin ya furta wata kalma mai nauyi yakan ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsa. Daga baya mai zane ya raɗa mini cewa shi ma da i'ina ya tashi. Shi da bakinsa bai taɓa gaya mana ba.

Mai zanen ne ya ba ni sauran labarinsa. Ya ce Baba Kumfa ba shi da babbar waya, amma duk wata yakan sa sakatariya ta buga masa ra'ayoyin ’yan dandali a takarda, ya karanta har da zagin. Da suka yi ƙorafin cewa barkwancin kwaɗo ya yi sanyi, bai ce ba su san aiki ba, cewa ya yi suna da gaskiya, ya koma ya gyara. Da masu katun suka aiko cewa kada a sake taɓa ko kalma ɗaya ta fassara, bai yi gardama ba. Ya kai wa manaja shafi ɗaya ya roƙe shi ya karanta masa da numfashi ɗaya. Manaja ya kai rabi ya kama tari. A ranar aka rubuta musu amsa cewa ba zai yiwu ba.

Baba, kai ne ka yi shekara ashirin da shida kana ba wasu baki, naka sunan a ɓoye. Kai ne ka ɗauki rubutun yarinya a guntun katako da muhimmancin da ba a ba wasiƙar manya. Kai ka koya mini abin da na kasa ganewa a gidana, cewa duk lokacin da na ƙarasa mata magana don tausayi, abin da ’yan ajinsu suka yi mata nake maimaitawa, dariyar ce kawai babu.

Auta ta koma makaranta. Ranar karatu na rufe shago na je na laɓe a jikin tagar aji. Ta riga ta bi shafin littafinta da fensir, ta kewaye maganar guntu-guntu, kowace da kumfarta. Ta maƙale sau biyu. Na ciji leɓe, malaminsu ma bai ƙarasa mata ba, ta ja numfashi ta wuce har ƙarshe. Ba zan yi muku ƙarya in ce i'inar ta tafi ba, tana nan, kuma har yau ina da fargabata. Amma ta wuce aji, kuma jiya har rashin kunya ta yi wa yayanta a kan ya ɗaukar mata fensir, na ji kamar in ba ta tukwici.

Makon jiya Baba Kumfa ya ajiye aiki, hannu ya soma rawa, ido ma ya gaji. An ce na'ura za ta riƙa zuba rubutun. A ɗan taron da aka yi masa a ɗakin injin, manaja ya yi jawabi, mai zane ya yi. Sai Auta ta miƙe ba tare da kowa ya ce mata ba.

“Baba.” Ta ja numfashi. “Na gode.” Ta sake ja. “Kai ne ka jira ni.”

Ya cire tabarau ya goge ido da ƙyallen nan nasa, ya bar tawada a kumatu, babu wanda ya gaya masa.

Mun gode, Baba Kumfa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka ci moriyar hutunka. Ku ’yan dandali, ku ci gaba da rigimar kore da idon kwaɗo, ni ma yanzu ina jin daɗinta, amma wani lokaci ku karanta shafi ɗaya da baki, ku tuna akwai wanda ya auna muku shi. Ku da za ku gaji teburinsa, na'ura ba ta numfashi, sai ku yi mata. Mu iyaye kuma, in yaro ya buɗe baki ya maƙale, mu haɗiye tamu maganar mu jira.

Da zai tafi, bai ɗauki komai daga ɗakin ba sai alƙalumansa uku da guntun katakon Auta. Ni na ɗaure masa shi a bayan keke.