Yayana Ya Naɗe Tsire da Karatuna

Lokacin yaƙi littafi ya yi wuya a N'Djamena, duk darussan digirina na biyu da hannu na kwafe su. Saura kwana uku jarrabawa, abokaina suka ja ni gona a Toukra mu gasa masarar kaka. Yini ɗaya tak na huta!

Da na dawo gida, na tarar yayana mai tsire ya naɗe wa mutane nama da takarduna.

Na ce, "Yaya, wahalar shekara guda ce fa!"

Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ai na ga an gama rubutu a kansu."

Har yau abin yana cina. Rabin unguwa sun lashi yaji a kan karatuna, ni kuwa na faɗi.