Saƙon da Mushe Alasan ya ƙi kwancewa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina buɗe farmasi, ko makulli ban zare daga ƙofa ba, waya ta shigo mini daga Kwatano ta ƙasar Benin. Malaminmu Alasan ya rasu, wanda muke ce wa Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Madawa ba sai na faɗa masa ko wane ne ba. Shi ya koya mini karatu, shi ne darektan makarantarmu har ya yi ritaya. Matarsa Inna Mariyama ungozoma ce, rabin samarin unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya. Ita ma ta ajiye aiki tuni. Ciwon sukari gare ta, kullum sai ta yi allura, kuma a wurina Mushe yake sayen maganin.

Bai taɓa shigo mini hannu rabbana ba. Ko mangwaro, ko ɗan kilishi a takarda. Ya jingina da teburin shago ya ce "Dokta Balki", alhali ya fi kowa sanin magani kawai nake sayarwa.

Shekarar da na faɗi jarrabawa, shi ya riga ni zuwa gidanmu a kan kekensa. Ya zauna da babana har fushin ya huce kafin in shigo.

Amma taurin kai, Allah ya jiƙansa, a nan ba a magana. Ko yau ba zan ɓoye wannan ba.

'Yarsu Rakiya tana aure a Kwatano, ta haihu bayan an daɗe ana jira. Inna ta ce tana raye ba wadda za ta yi wa 'yarta wankan jego. Aka ce to su shiga bas. Mushe ya ce bas ba ta tsayawa don tsohuwa ta yi allura ta ci abinci a kan lokaci, shi zai tuƙa su da tsohuwar motarsa. Ga gadar Gaya da ake bi a shiga Benin a rufe, sai an zagaya ta Konni a shiga Najeriya, a sake fita ta wata iyakar kafin a faɗa Benin. Kowa ya yi magana, bai ji ba.

Ranar tafiya na kai musu maganin Inna a cikin ƙaramar glasiye, kular riƙe sanyi, cike da ƙanƙara. Allurar nan ba ta son zafi. In ta sha zafi ta lalace, kuma ido ba ya ganewa, sai an yi ta a ga sukari ya ƙi sauka. Da wannan tsoron na je gidan.

Ina ganin motar gabana ya faɗi.

Kun san mu a Adar, da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa ko miji a kurmi, can kudu wajen neman kuɗi. Da labari ya bazu Mushe za shi Kwatano da motarsa, mata suka yi ta sallama. Kowacce da ƙunshinta, an sa a ɗan buhu an ɗinke baki da zare. Wannan na ɗanta, wancan na maigidanta. Bai mayar da ko ɗaya ba. But ɗin motar ya cika, kujerar baya ta cika, motar ta durƙusa a kan tayoyin baya.

Na ce masa kayan nan za su tsayar da su a iyaka, kuma ƙanƙara ba ta jiran kowa. Ya yi dariya ya ce, "Balki, wa za ni ce ma a'a? Dut ɗiyana na."

Inna tana zaune a gaba da glasiye a cinya, ta harare shi ta ce mini, "Bar shi, ɗiyata. Tun ina amarya ni ka hwama da kan nan nashi."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ya fito da hannu ta taga yana ɗaga mini, motar tana tafe tana ƙugi.

Iyakar farko suka wuce lafiya, har ya turo mini vokal, saƙon murya, yana yi mini tsiya, wai ina tsoron da na ba shi. Can a cikin Najeriya taya ta fashe musu nesa da gari, suka ɓata rabin yini kafin a liƙe. Ƙanƙara ta fara raguwa tun daga nan.

A iyaka ta biyu aka tsayar da su. Ba zan kama sunanta ba, kuma ban ga laifin ma'aikatan ba, aikinsu suka yi. Suka ce duk ƙunshin da ke ɗinke sai an ga cikinsa, kuma mai mota ne zai kwance da hannunsa a gabansu, don kada gobe a ce wani abu ya ɓata. In ba ya so, ya sauke kayan a ma'ajiyarsu ya wuce da matarsa.

Mushe ya ƙi duka biyun.

Ya ce kayan ba nasa ba ne. A wurinmu, in mace ta ɗinke saƙo ta ba ka, wanda aka aika wa shi kaɗai yake yanke zaren. Kuma ba zai bar amanar mutane a hannun wanda ba su ba wa ba. Ma'aikatan suka nuna masa gefe, ya ajiye motar a tsakiyar rana, suka ce in ya shirya ya yi magana.

Ba shi ya kira ni ba, Inna ce. Muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ƙanƙara ta zama ruwa, ba wuta a garin, mai sayar da ƙanƙara ma ba shi da ko ɗaya. Ta ce ya nemo mata taksi ta yi gaba zuwa inda ake da firigo mai sanyaya magani, ta ƙi shiga. Na roƙe ta ta shiga. Ta ce, "Tare mun ka hito, Balki."

Tsofaffi biyu, kowa ya kafe, ni kuma ina Madawa da waya a hannu. Na rasa wanda zan fara da shi.

Na kira Mushe na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce daddawar mutane ba ta kai ran Inna ba. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Kin ƙare? To tahi gidajen ki roƙo mani izini. Wadda duk tac ce in kwance, ni kwance." Ya jero mini gidajen da ka, kamar yadda yake kiran suna a aji.

Na rufe farmasi na hau kabu-kabu.

Gida-gida na bi. Wasu suka yi dariya, wasu suka dafe ƙirji da suka ji Inna tana cikin rana saboda ƙunshinsu. Kowacce na miƙa mata waya ta faɗa da bakinta, in tura masa. Rezon waya ya zo, ya ɗauke. Ina tsaye a ƙofar gida ina kallon saƙo ya ƙi tafiya. Shi kuma ba ya taɓa zaren ƙunshi sai ya ji muryar mai shi.

A tsakanin nan ya roƙi wata mai sayar da abinci ta sa masa maganin a kwalba cikin randarta. Ya bar Inna a rumfar matar, shi kuma ya yi ta kai da kawo a ƙafa, daga wurin ma'aikata zuwa cikin gari neman ƙanƙara, ya dawo ya kwance ƙunshi, ya sake komawa. Inna ta ce mini rigarsa ta manne a bayansa.

Aka gama da kowa sai mutum ɗaya, Gwaggo Ai ta Galma. Ba ta da waya, ta hannun wata maƙwabciyar Mushe ta aiko da ƙunshin ɗanta. Ma'aikatan suka ce ko ɗaya ya rage ba a wucewa. A nan suka kwana.

Gari na wayewa na kama hanyar Galma. Ban same ta a gida ba, aka ce tana garka, lambunta. Na iske ta bakin rijiya tana ban ruwan albasa. Da farko ba ta gane ba, ta ce mi ya hana shi buɗewa? Da na yi mata bayani sai ta ajiye guga. Sannan ta kama wayar da hannu biyu ta ce, "Mushe, kwance. Ba komi ciki sai daddawa da kuɓewa busassa. Ka kai matarka inuwa, don Allah."

Sai da na hau tudu kafin saƙon ya tafi.

Aka sake su. Kafin ya tayar da mota sai da ya ari allura da zare ya mayar da bakin kowane ƙunshi yadda ya same shi, Inna tana yi masa faɗa yana ɗinki.

A babban gari na farko aka gwada sukarinta. Ya hau, amma bai kai inda nake tsoro ba, suka sayi sabon magani. Radiyatar motar ta tafasa musu a gaba, suka lallaɓa da ruwan jarka har Kwatano. Da hoton Inna riƙe da jinjiri ya shigo wayata, a ƙasa na zauna na yi kuka don sauƙi.

Daga nan duk wanda ya kira, tambaya ɗaya ce: ya Inna, ya jikin Inna. Mushe yana amsawa da murna, ya ce ta ci, ta yi allura, ta yi barci.

Shi bai zauna ba. Kasuwa-kasuwa ya bi yana neman masu saƙo, yana miƙa wa kowa nasa a hannu, yana ba shi haƙuri cewa an buɗe a hanya da izinin mai shi. Jiya ya kai na ƙarshe.

Yau bayan sallar asuba ya zauna a tabarma ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a fito da mota ya cika.

Mijin Rakiya ne ya kira ni. Ya ce Mushe ya faɗa masa ciwon ƙirjin tun a iyaka ya fara, amma ya hana shi gaya wa Inna, wai kada sukarinta ya hau. Ya yi alkawarin zuwa likita da zarar ya gama raba saƙo.

Ban sani ba ko zafin ranar iyakar ne ya jawo, ba wanda ya ce mini haka. Wa'adi ne ya yi. Amma ina jin haushinsa, kuma ina sonsa, kuma ban san yadda zan yi da su biyun ba a safiyar nan.

Aka miƙa wa Inna wayar. Na yi zaton kuka zan ji. Muryarta a tsaye take, ta ce, "Balki, ni ag da ciwo, ni kowa ka dubi. Dut hanya shi ka tambayata ina gajiya. Ni ko sau guda ban tambaye shi ba."



Bayan azahar za a yi jana'izarsa can Kwatano, nesa da gida, nesa da yawancin waɗanda ya koyar. Ku 'yan Madawa da ke can, musamman wanda ƙunshin uwarsa ko na matarsa ya iso hannunsa a kwanakin nan, don Allah ku rufe shago ku je. Ya ɗauko muku naku daga gida, yau ku ɗauke shi a kafaɗa.

Allah ka jiƙan Mushe Alasan, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya makwancinsa, ka karɓe shi a cikin masu riƙon amana. Allah ka ba Inna Mariyama da Rakiya haƙuri, ka dawo da Inna gida lafiya ta wannan doguwar hanyar da yanzu za ta biyo ba shi.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ina roƙonsa ya tsaya ya yi masa addu'a, ya haɗa da Inna.